Kwat ɗin Baba Haladu

A Gujungu Baba Haladu ya same shi,
a gindin dilar gwanjo, ranar da ya sayar da riɗi.
Baƙi ne, mai nauyin rabin buhun gero,
hannunsa ya wuce yatsun mai shi,
maɓalli uku, na huɗun ya yi zamansa a Amurka.
Mai gwanjo ya dafa ƙirji ya rantse:
"Irinsa sanatocinsu ke sawa."
Baba ya ce, "To, sanata ya sauka ƙauyenmu,
sai ya koyi kwana a kan ƙusa."

A aljihun ciki muka tarar da safar hannu,
guda ɗaya, ta hagu, ta ƙaramin yaro.
Inna Ladidi ta juya ta, ta sake juyawa,
ta ce, "Ashe can ma yara na yar da kaya."
Ta jefa ta a kwallarta, ba ta ce don me ba.

Ba sanyi ne ya yi wa kwat ɗin nan suna ba,
aro ne.
Tanimu ya sa shi ya ɗauki hoton neman kwastan,
Lawandi ya sa shi ranar karɓar takardar kwaleji,
Ilu ya sa shi gaban alƙali, tsakar bazara,
kan rigimar iyakar gona.
Gumi har idon sawu, gonar kuma ta tafi,
amma ya dawo yana taku kamar shi ya ci.
Hoto goma sha bakwai, kafaɗa ɗaya,
fuska ce kawai ke sauyawa.
Mai hoto a Ringim har gaishe shi yake yi:
"Ranka ya daɗe, yau kuma wa ka kawo?"

A shagon caji muna leƙa wayar Mati,
mu ga masu shi na asali cikin ƙanƙara,
dogayen kwat har gwiwa, hannu sama ana rantsuwa,
wani ya cire nasa ya yafa wa tsohuwa.
Baba ya tauna goro ya ce,
"Su ɗari ke sa su sawa.
Mu so muke a saurare mu."

Sai daren da kogi ya manta hanyarsa.
Rumbu ya durƙusa, katanga ta narke kamar gishiri,
muka kwana kan kwalta, mu da awaki.
Kowa ya fito da abin da hannu ya fara taɓawa:
wani tukunya, wani rediyo, Baba kwat.
Ɗan Uwale, ɗan shekara uku, haƙora na kaɗawa,
ko kukan ma ya ƙi fita.
Baba ya naɗe shi ciki, har kai, har ƙafa.
Inna ta buɗe kwallar da ta ɗauko a ka,
ta zura masa safar nan a hannun hagu.
Cif.

Tun ranar bai sake zuwa Ringim ba.
Taɓo ya rina shi, kafaɗa ɗaya ta zube,
asu ya buɗe masa taga a baya.
Da Baba ya rasu, aka zo rabon gado,
malam ya ɗaga shi ya ce, "Wannan fa?"
Zaure ya yi tsit.
Wa zai ce nasa ne, abin da gari ya sa?

Yana nan kan ƙusarsa.
Jiya na zura hannu a aljihu,
na ji ɓarin goro, rasit, ƙwayar riɗi biyu.
Na tuna wani uba can bayan teku
da ya taɓa laluben wannan aljihun,
yaro na tsaye bakin ƙofa, hannu ɗaya a sake.
Bawan Allah, daina nema.
Ta iso.