Jan Zare

Bakwai na safe nake durƙusawa
bayan ajin 'yan shekara tara,
a makarantar da ke gefen Phonsavan,
inda gajimare ke kwana bisa tuddai.

Na'urar hannuna kunne ɗaya gare ta,
ƙarfe kaɗai take ji.
Jiya sau arba'in ta yi kuka:
ƙusa, murfin kwalba, mariƙin bokiti,
cokalin da wani ya gaji da nema.
Na arba'in da ɗaya
dunƙulalle ne kamar lemo,
ya sha tsatsa, ya yi lamo.
Sa'ar uwata ne.
Daga jirgi ya faɗo tun kafin a san da ni,
bai fashe ba,
bai kuma huce ba.

Na kafa turke, na ja jan zare.
Nan namu. Can nasa.

Tsoho Khamla ke gadin ƙofa.
Yatsu bakwai suka rage masa,
da su yake korar ɓauna daga shinge,
da su yake kaɗa ƙararrawa,
ita ma kwankon bam ce
da aka rataye a reshen mangwaro.

Da aka fito tara
ƙwallo ta tsallake zaren.
Thongdi ya biyo ta da gudu,
ƙafa ɗaya ta riga ta tashi.
Khamla bai yi tsawa ba.
Sunan yaron ya kira, can ƙasa-ƙasa,
kamar mai tashin maras lafiya.
Ƙafar ta tsaya a iska,
ta yi shawara,
ta dawo gida.

Ni kuwa sai da na zauna.
Gwiwa ta ƙi ni.

Bayan azahar Malama Vilai ta jera su bibbiyu,
ta kai su harabar haikali, nesa.
Muka jibga buhunan yashi, muka ja waya.
Ƙara ɗaya.
Tsuntsaye suka watse,
ƙasa ta yi tari, ta tofar da abin da ya shaƙe ta.

Taku goma sha biyu na ƙwato musu yau.
Saura ɗari uku da wani abu.

Da dare Sengdao tawa na mulmula shinkafa,
ta ce, "Inna, yaushe za a ba mu ƙwallonmu?"
Na dubi bakin ƙasar da ke cikin farcena.
Na ce jibi,
in ba a yi ruwa ba.