Abin da Ban Rubuta a Littafin Taro Ba

Daren Talata, ƙarfe bakwai cif,
a ɗakin bayan otal mai kallon matsayar jirage,
Fergus Cowie ya kaɗa ƙararrawar tagulla.
Mu goma sha tara ne. Ruwan sama na dukan taga
kamar mai bin bashi.
A wannan gaɓa ta Sikotilan, wanda ya jira a ɗauke ruwa kafin ya fito
a bakin ƙofa zai tsufa.

Ni ce sakatariya, shekara tara ke nan,
ba don gwaninta ba, don kowa ya noƙe ne.

Ma'aji ya miƙe, tabarau a tsinin hanci:
gwanjon tsofaffin littattafai ya kawo fam ɗari huɗu da sha biyu,
da maɓallin riga guda da wani ya jefa a gwangwani.
Aka yi dariya. Har maɓallin na rubuta.

Sai batun bencin da za mu kafa a tashar bas.
Morag Geddes ta ce fenti kore.
Hamish ya ce shuɗi, ko a cire sunansa.
Minti ashirin ana jan zance,
miyar kifi ta huce a kwano,
aka ɗage zuwa makon gobe, karo na uku.
Amma da aka ce wa zai kai tsohuwa Ina Duthie asibiti ran Alhamis,
hannu huɗu sun tashi kafin in cire murfin biro.
Haka muke.

Baƙonmu Innes Slater ne, gwanin nitso,
saurayi mai jan kunne, kwat ɗin aro ta matse masa kafaɗa.
Aikinsa tsamo tsofaffin komaye da suka ɓata a ƙasan teku,
waɗanda ke ta kamun kifi shekara da shekaru
ba mai ci, ba mai sayarwa.
Majigi ya ƙi kamawa. Aka matsa nan, aka zare can,
bango ya tsaya fari fat.
Ya share gumi, ya zura hannu a jaka,
ya fito da guntun koma mai ƙarnin gishiri,
da ƙwaryar ƙaguwa maƙale a ciki.
Muka riƙa miƙa wa juna,
kowa na riƙewa a hankali kamar jaririn wani.

Da aka zo tambayoyi, Hamish ya tambayi kuɗin kayan aiki.
Wata ta tambayi sanyi.
Sai Dod Mair ya ɗaga hannu,
Dod da ke zama kusa da ƙofa,
wanda bai taɓa cewa uffan ba in ba "na goyi baya" ba.
Duk mun san jirgin da ya fita da ƙanensa Sandy
shekara arba'in da ɗaya, bai dawo ba.
Baƙon ne kaɗai bai sani ba.

Ya ce, "Yaro, can ƙasa, duhu ne?"

Cokali ya daina motsi.
Innes ya ɗan yi shiru, ya ce,
"Ba sosai ba, Baba. Kore ne,
kamar ka kalli rana ta cikin kwalba.
Kuma ba hayaniya. Komai a hankali yake tafiya."

Dod ya gyaɗa kai sau biyu.
Ya daɗe da guntun komar a tafin hannu
kafin ya miƙa wa na gaba.

Fergus ya ba baƙo kofin shayi mai tambarinmu,
aka tafa, aka kaɗa ƙararrawa.
Wajen saka riguna na ji Dod yana ce wa Morag,
"Bencin nan, a yi shi kore."

A gida na buɗe littafi, na rubuta:
"An yi tambayoyi uku, baƙo ya amsa.
An tashi ƙarfe tara saura kwata."