Bawul na Bakwai

A Magazin ta Suame, bayan layin masu walda,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta da ciyawa,
muka sauke kan injin motar Kwaku Boadu,
mu huɗu, da sarƙa, da salati.
Albasarsa na can Tafo tana gumi cikin buhu,
shi yana nan yana duba agogo.

Masta Gariba bai dubi agogo ba.
Ya ce, "Mumuni, kawo kwali."
Na huda rami goma sha biyu, na sa lamba da alli,
don bawul baƙunta ba ta karɓe shi ba:
kai shi ɗakin wani, ba zai rintsa ba.

Muka matse sifirin, muka zare 'yan makullai,
ɗaya ya yi tsalle,
na bi shi da rarrafe har ƙarƙashin benci.
Na shan iska suka fito da sauran haskensu,
na fitar hayaƙi kuwa sun naɗa kunkunniya,
shekara shida ta hawa da gangara
ta daskare musu a wuya.

Na kankare. Na wanke.
Na shafa man gurza a leɓen kowanne,
na kafa sanda mai bakin roba, na murza tsakanin tafuka
yadda Inna ke burga miyar kuka a Aboabo:
murza, ɗaga, juya, sake murzawa,
har kukan yashi ya mutu,
har zobe ruwan toka ya zagaye baki
bai yanke ba.

Sha ɗaya suka ba ni zobe.
Na bakwai ya ƙi.
Gefe guda fes, gefe guda duhu.
Na ƙara mai, na ƙara ƙarfi,
azahar ta wuce, tafukana suka ɗau zafi,
sai na mayar da shi mazauninsa
na ja bakina.

Masta ya jingine kan injin,
ya ɗura kananzir ta kowace kafa,
ya ɓare goro, ya zauna.
Ya ce, "Kananzir ba ya cin hanci."
Kafin ya gama tauna ɓari guda
ƙwalla ta taru a bakin na bakwai,
ta yi nauyi,
ta gangaro.

Kwaku ya ce, "Masta, ɗigo ɗaya ne fa!"
"A nan ɗigo ne. A tudun Kintampo, da lodi,
sai ka kira shi da wani suna."

Ya ɗauko guntun gilashin taga,
ya kwantar da bawul ɗin, ya tura da yatsa.
Ba ido ya kai ba, kunne ya kara.
Ƙyas. Shiru. Ƙyas.
Tafiyar mai ɗingishi.

"Abin da ya lanƙwashe, gurza ba ta miƙar da shi.
Hannunka bai yi laifi ba, yaro.
Shirunka ne."

Ya miƙo mini ma'auni. "Karanta mini kaurin ƙafarsa."
Ina karantawa na tuna
tun daminar bara yake cewa in karanta masa.
Na ɗago. Fari ya fara cin baƙin idonsa.
Ashe duk zoben da na ce ya cika,
maganata ya ɗauka, ya sa sunansa a kai.

Na tafi shagon Maame Adwoa a guje,
sidi a dunƙule cikin hannu mai maiƙo.
Sabon ya zauna tun kafin magariba.
Kananzir ya kwana a kafarsa, bai sami hanya ba.

Da hantsi inji ya yi tari biyu, ya kama.
Kwaku ya tafi bai waiwayo ba.

Na bakwai yana nan a tagar ɗakina.
Wani dare nakan mirgina shi kan tebur
in saurara.