Kunne a Kan Ƙarfe

Ran kasuwar Gagarawa na zo, ban shiga kasuwar ba.
Na bi ta bayan gonar Ɗantala, ta gindin kukar nan mai kogo,
riƙe da hannun Ladidi, 'yata, shekararta shida,
wadda a littafin makaranta kaɗai ta san jirgin ƙasa,
baƙi wuluk, da hayaƙi kamar an saɓi auduga.

Ga tashar.
Kwanon rufin ya yi ja kamar haƙoran mai cin goro,
sunan garin a allo saura GAGA,
ragowar damina ta lashe.
Tagar da Baba Ajayi ke miƙo tikiti
zanzaro ya gina ɗaki uku a kanta, bai biya haya ba.
Awaki ne fasinja yanzu, suna tuƙa a kan benci,
ba mai tambayar ƙarfe nawa.

Na ce mata, nan sikelin gyaɗa yake,
buhu kan buhu har inuwarsu ta taɓa tankin ruwa.
Nan mata ke ɗaga faranti sama da kai,
dafaffen ƙwai, rake, ƙosai mai zafi,
hannuwa na fitowa ta taga kamar reshe,
canji na faɗowa cikin tsakuwa jirgi na tafiya.
In na Nguru ya tsaya, warin bandar kifi
sai ya kwana a rigar kowa.

Kakanki Barau ne mai tuta.
Biyu gare shi, koriya da ja, da fitila mai ido biyu.
Guntun dogo ya rataye a darbejiyar can,
in ya buga shi sau uku, har ladan sai ya duba rana.
Shi ya koya mini: kwanta, ɗora kunne a ƙarfe,
jirgi na aiko sallama tun yana bayan gari biyu.

Ba wanda ya zo ya ce an daina.
Latti dai aka fara yi: na awa, na yini,
na mako, na wata,
har muka wayi gari lattin ya yi furfura.
Baba Ajayi ya ɗaure kayansa, a mota ya tafi,
yana jin kunya kamar mahaucin da ya sayi nama.

Inna ta ɗauki koriyar ta rufe ƙwaryar fura,
Baba bai ce uffan ba.
Da ta miƙa hannu ga jar, sai ya riƙe:
wannan ita ke tsayar da mutuwa, Tabawa, bar ta.
Kullum la'asar yana goge kakinsa ya fito,
ya cire ciyawa tsakanin katakai,
ya zuba man gyaɗa a hannun juya layi
daga kwalbar miyarmu.
Fanshonsa ma jirgin ya hau.

Ladidi ta saki hannuna.
Ta share kashin awaki da tafinta,
ta kwanta, ta manna kunne, ta rufe ido.
Ƙarfen da ɗumi, na sani, kamar bayan saniya.
Ta daɗe. Ta ce, Baba, babu komai,
tururuwa ce kawai.

Na ce, kar ki tashi.
Na bi layin gabas, ina ƙirga katakai,
na wuce inda ɓarayi suka kwance ƙusa,
na wuce inda gero ya tsiro a tsakiyar hanya,
har ta koma ɗan ɗigon atamfa.
Na tsuguna, na ɗauki dutse.
Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan-ƙwan.

Daga nesa na ga ta zabura,
tana tsalle, tana kiran awaki su kauce.
Jar tutar na aljihuna, ta koɗe, ta yi laushi.
Na taɓa ta.
Ban ɗaga ba.