Jirage Biyu a Bakin Jabi

Ranar da kuɗin sallamata suka faɗo
ban je sayen fili a Kubwa ba, kamar yadda kowa ya so.
Tafkin Jabi na nufa da hantsi,
inda Shekwolo ya ɗaure jirage biyu a turke ɗaya.

Na fari siriri ne, fentin hancinsa ya ɓare,
mutum biyu yake ɗauka, in sun iya zama da juna.
"Wannan ba ya tashin kifi daga barci," in ji Shekwolo.
"Kashe inji, ka ja filafili,
ka kutsa ciyawa har ɗakin tarwaɗa."
Na dafa gefensa, sai na ji Yawuri a tafin hannuna:
asuba, hazon kogi, babana tsaye da taru,
ba ya magana, ni ma ba na yi.
Shekara talatin da biyar ina buga hatimi a ma'aikata
ina bin wannan shirun bashi.

Na biyu kuwa faffaɗa ne kamar tsakar gida,
da rumfa, da kujeru takwas, da wurin aje kula.
Yana shan mai kamar rairayi,
kuɗinsa ya haura ɗayan da rabi.
Na ce a raina, wannan ai falo ne aka tura ruwa.

Asabar na dawo da mutanen gida, wai su taya ni gani.
Uwale, wadda ko kwata sai ta kewaye,
ta dubi siririn ta ce, "Akushi zan shiga?"
Ta miƙa wa faffaɗan ƙafar da gwiwarta ke ciwo,
bai ko girgiza ba.
Ta zauna. Ta gyara mayafi. Ta soma ɓare gyaɗa.

Jikata Barira na ƙirga kujeru da yatsa,
ta ba uwarta, ta ba Tanimu, ta ba 'yar tsanarta,
sannan ta juyo: "Kaka, a wancan ƙaramin
ina ne wurina?"

Na buɗe baki, babu amsa a ciki.

Ciniki bai yi tsawo ba.
Shekwolo ya rage min kuɗin rigunan ruwa,
yana dariyar wanda ya san ƙarshen zance tun jiya.

Yau Asabar ta shida ke nan.
Karfasa uku na kama, duka-duka,
ɗaya ma Barira ta sa na mayar, wai tana da 'ya'ya.
Wane kifi zai tsaya ana gardamar wa ya shanye zoɓo?

Siririn yana nan a turkensa.
In mun wuce, nakan ɗaga masa hannu a ɓoye.
Uwale ta gani, ba ta ce komai ba,
gyaɗa kawai ta zuba min a hannun.