Jan Ƙoli

A Duluth ƙanƙara ta toshe taga.
Dala mai launi uku na manne a bango:
kore na kowa, rawaya na 'yan kaɗan,
ja can ƙoli.

Ansel ya haye ta cikin wata huɗu.
Ranar da ya jefi allo da takalmi
aka ba ni shi, minti ashirin kullum,
a ɗakin ajiyar tsintsiya.

Ban yi zancen takalmi ba.
Muka tsare harafin nan mai juya masa baya,
b da safe, d da rana.

Jiya ya karanta layi bai yi tuntuɓe ba.
Takardar Malama Lindqvist lamba take so.
Na sa bakwai.
Babu gurbin kallon da ya yi mini.