Ranar da Aka Ja Igiya a Shagon Arzika

Ba kallo ya kai ni ba, wayata ce,
kwana huɗu tana hannun mai gyara.
Na sauka Jega da hantsi,
na iske an ja igiya a ƙofar Arzika.

Fitilu uku kan dogayen ƙafafu,
an kunna su rana tsaka.
Wani yaro ya ɗaga sanda mai gashi,
kamar ya tsire gafiya,
yana shawagi da ita bisa kawuna.
Wai ita ke tsotse magana.

Labbo mai albasa ya ce, "Talla ta!
Wanga aiki na kamfani na."
Tunau mai caji ya taɓe baki:
"In talla ta, mi as sa yarinyar kuka?"
Gaskiya ne, tana kuka.
Ta saki waya ƙasa, ta dafe kai,
a ce a sake, ta sake.
Sau bakwai na ƙirga.
Tsakanin kuka da kuka
tana shan ruwan leda, tana dariya.

Mai ƙosai ta ce zaɓe ya matso,
wani zai raba wayoyi da hotonsa a baya.
Direban Aleru ya ce bashi ne,
banki ke son ganin kaya,
shi ya sa aka jera kwalaye har rufi,
ko rabinsu babu komai sai iska.
Wani ya rantse 'yan haraji ne suka yi shiga.

Shi kuwa Arzika,
wanda tun da nake bai taɓa min murmushi ba,
ga shi cikin sabuwar shadda da karin guga,
haƙora waje, gumi har haɓa.

Da la'asar aka naɗe igiya.
Na ce, "Arzika, mene ne?"
Ya ce, "Haya suka yi, ban tambaya ba."
Na ce, "To, wayata fa?"
Ya sosa ƙeya.
"Matatta suka nema, wadda ba a jin ta faɗi.
Taka ce a kusa."

Ga ta nan a aljihuna, gida uku.
Ta yi fim, ni ban yi ba.
Sun ce zai fito a waya bayan salla,
kowa ya ga ko mene ne.
Ni dai sai na yi aro in kalla.